CCNA, MikroTik ko Huawei: wacce takarda mai aikin netwok a Bauchi da Gombe zai sa kuɗinsa a kai?

Ɗan Gwallameji:
Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure. Shawara nake nema. Na gama HND a fannin kwamfuta, na kuma kammala bautar ƙasa. Tun ina makaranta nake bin wani ogana muna jan waya a ofisoshi da otal-otal, muna saka kyamarorin tsaro. Na iya matse kan waya, na iya saita ƙaramar rawuta. Abin da na tara daga alawus ba zai wuce kuɗin jarrabawa ɗaya ba. Wasu sun ce in yi CCNA, takardar shaidar aikin netwok ta kamfanin Cisco, don ita aka sani ko'ina. Ogana ya ce ɓarnar kuɗi ce, in yi ta kamfanin MikroTik tunda na'urorinsa muke taɓawa kullum. Wani abokina kuma ya ce ta Huawei ta fi araha. Kaina ya ɗaure, a taimaka mini.

Injiniya Tumfure:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara gaya mana inda ka dosa: aikin kamfani kake nema, ko kana son tsayawa da ƙafarka ka riƙa karɓar kwangila a cikin gari? Amsar ta dogara da wannan.

Ga abin da CCNA take. Tun watan Fabrairun 2020 Cisco ta haɗe rassan da ake da su a da ta mayar da su jarrabawa guda, lambarta 200-301. Minti 120 ake ba ka, kuɗinta dala 300, takardar kuma shekara uku take yi ta mutu. Kashi mafi girma a cikinta, wato 25 cikin 100, a kan yadda rawuta ke zaɓar hanya ne, har da OSPF, ɗaya daga ƙa'idojin da rawutoci ke bi wajen wannan zaɓi. Sauran ya haɗa da tushen ilimin netwok, aikin suwic (akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa) da VLAN (raba netwok ɗaya gida-gida) da wayales, tsaro, da kashi 10 na sarrafa na'urori ta hanyar rubuta manhaja. Idan banki kake nufi, ko kamfanin sadarwa, ko ƙungiyoyin agajin da ke ɗaukar ma'aikatan kwamfuta a nan Arewa maso Gabas, to sunanta za ka fi gani a tallan aikinsu.

Ɗan Gwallameji:
Gaskiya Yallabai, aikin kamfani na fi so, amma kafin ya samu dole in ci abinci da aikin hannu.

Abban Sadik:
To ai ka amsa wa kanka. Injiniya, da girman kujerarka, amma ka zaga Bauchi tun daga Wunti har Yalwa ka ƙirga mini otal ko makaranta ko asibitin kuɗi nawa ne suka sayi rawutar Cisco sabuwa. Abin da ke cikin akwatunansu MikroTik ne da Ubiquiti da TP-Link. Tun da Starlink ta shigo Najeriya a farkon 2023 aikin da ya fi kawo mana kuɗi shi ne mutum ya sayi faranti ɗaya, ya ce a raba wa hostel ko layin shaguna, a yi masa tikitin awa da na kwana da na wata, a kuma taƙaita wa kowa gudu don kada mutum ɗaya ya shanye. Wannan aikin RouterOS ne zalla, wato manhajar da ke cikin rawutar MikroTik, ta Winbox, manhajar saita ta, ake yinsa. MTCNA, takardar farko ta MikroTik, kwas ne na 'yan kwanaki a gaban malamin da kamfanin ya amince da shi, ka gama ka zauna jarrabawa, tambaya 25 cikin awa ɗaya, ka ci 60 cikin 100 ka wuce. Washegari ka fita ka yi kuɗi da abin da ka koya. Yaro mai kuɗin jarrabawa ɗaya, a tura shi ya ba Amurka dala 300 a kan na'urar da ba zai gani ba?

Maman Ilham:
Abban Sadik, duk abin da ka faɗa game da kasuwar gari haka yake, ban musa ba. Inda na rabu da kai shi ne ɗaukar CCNA a matsayin karatun na'urar Cisco. Ina koyar da wannan darasi, na kuma ga ɗalibai iri biyu. Wanda ya fara da Winbox ya san inda zai danna, amma ka tambaye shi me ya sa ya danna sai ya yi shiru. Ranar da abu ya lalace ta hanyar da bai taɓa gani a bidiyo ba, abin da ya sani shi ne ya goge komai ya sake daga farko. Wanda ya zauna ya karanta manhajar CCNA da gaske ya san abin da ke faruwa tun daga lokacin da kwamfuta ta nemi adireshi wurin DHCP mai raba adireshi, ta tambayi DNS mai juya suna zuwa adireshi, ta aika saƙon ARP tana neman ƙofar fita, har saƙon ya bar gidan. Wannan ilimin ba na Cisco ba ne, ƙa'idojin intanet ne, haka suke a MikroTik, haka suke a Huawei. Ka ba irin wannan ɗalibin Winbox, mako guda ya ishe shi ya gane kanta. Amma a 'yan kwanakin kwas ɗin MTCNA ba za a iya cusa wa mutum abin da ake karantawa a wata huɗu ko shida ba, su ma masu kwas ɗin sun ɗauka ka zo da sanin ƙa'idojin intanet na TCP/IP da rabon adireshi tun daga gida.

Sannan a rarrabe abu biyu da ake cakuɗawa: karatun daban, jarrabawar daban. Karatun CCNA yau kusan kyauta ne. Packet Tracer, manhajar gwajin netwok ta Cisco, kyauta ake sauke ta idan ka yi rajista a Cisco Networking Academy, kuma tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta. Ka haɗa rawuta uku da suwic huɗu a cikinta, ka lalata, ka gyara, ba wanda zai ce ka biya. Dala 300 ɗin kuɗin shaida ce kawai.

Na Azare:
Ku yi haƙuri in faɗi abin da ba a so. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Jarrabawar da ba ta kai dubu 150 ba ta koma sama da dubu 450. Da wannan kuɗin mutum zai sayi injin huda bango, tsani, abin gwada waya, kwalin wayar Cat6 da ƙaramar rawuta, ya fara sana'a. Kuma mu daina yaudarar yara, aiki a ƙasar nan sai da hanya. Na san masu takarda suna zaune a gida, na san marasa ita suna ofis mai sanyi.

Injiniya Tumfure:
Maganar dala gaskiya ce Na Azare, tana ci mana tuwo a ƙwarya. Maganar hanya kuma rabinta gaskiya ce. Ɗan mai hanya ba ya buƙatar CCNA. Wanda ba shi da kowa shi ne yake buƙatarta, domin idan takardun neman aiki suka taru ɗari-ɗari a gaban mai tacewa, wanda galibi ba injiniya ba ne, sunan satifiket yake dubawa kafin ya ware na kira intabiyu. Takardar tana kai ka bakin ƙofa. Daga nan sai abin da ke kanka.

Mai Sauƙi:
Ɗan'uwa kar ka wahalar da kanka da karatun wata shida. Akwai damps na kwanan nan, tambayoyin da ke fitowa ne sak da amsoshinsu. Mako biyu ka haddace ka shiga ka fito. Mai so ya same ni ta gefe.

Shugaban Zaure:
Mai Sauƙi, ba a tallar wannan a nan. Na bar saƙon ne don a amsa shi kowa ya ji, in ka maimaita zan fitar da kai. Tambayoyin sata ne, kuma duk wanda ya zauna jarrabawar sai da ya amince da yarjejeniyar cewa ba zai yi amfani da su ko ya fitar da su ba. In an gano ana iya soke takardar a kuma hana mutum sake zama.

Injiniya Tumfure:
Na gode Shugaba. Bari in nuna wa matasa abin da wannan haddar ke jawowa, don ina cikin masu yi wa mutane intabiyu a wurin aikinmu. Akwai tambayar da nake yawan yi. Nakan ce: an ba ka aikin cibiyar jarrabawar JAMB. Ka san sharaɗinsu kwamfuta 250 ne da ƙarin kashi goma na ko-ta-kwana, wato 275, kuma duk da waya za a haɗa su, ba a yarda da wayales ba. Kana son su zauna a netwok ɗaya da saba, wato babbar kwamfutar cibiyar. Wane rabon adireshi za ka yi?

Wallahi masu riƙe da CCNA da yawa sai su ce 192.168.1.0 da /24, don shi suka saba gani a bayan rawutar gida. To /24 adireshi 256 ne, ka cire na netwok da na shela, saura 254. Kwamfuta 275 ba za su shiga ba, balle saba da firinta. Amsar ita ce /23, mas ɗinta 255.255.254.0, tana ba ka 510. Lissafin minti ɗaya ne ga wanda ya yi karatu. Wanda ya haddace damps kuwa sai ya kama zufa, domin ba a taɓa tambayarsa da wannan lafazin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne illar ba ta tsaya kansa ba. Duk lokacin da mai takarda ya kasa irin wannan, sai shugabannin kamfani su ƙara yarda cewa takardar banza ce, kuma yaranmu na nan ba su iya ba, a ɗauko daga Legas ko Abuja. Yaron da ya kwana yana karatu a Bolari ko Fadaman Mada shi ke biyan bashin da bai ci ba.

Mai Sauƙi:
Injiniya ku kun yi naku lokacin da dala take araha. Wanda ya ci bashi ya biya dubu ɗari huɗu da wani abu, in ya faɗi wa zai mayar masa? Ga Turancin jarrabawar ma kaɗai ya isa ya kayar da mutum.

Maman Ilham:
Tsoron da ka ambata na gaske ne, kuma ban raina shi ba. In ka faɗi kuɗin ya tafi, sai ka jira kwana biyar ka sake biyan wani. Jarrabawar da Turanci da Japananci kawai ake yinta, kuma in ka wuce tambaya ba ka komawa baya. Na ga ɗalibai masu hannu sosai waɗanda doguwar tambaya ke rikitawa, musamman inda aka ce zaɓi biyu, ko aka sa kalmar da ke juya ma'ana a tsakiyar jimla. Amma maganin wannan shi ne yawan karanta takardun fasaha da Turanci da yin gwajin jarrabawa na halal da agogo a gabanka, har idonka ya saba. Ai aikin ma da Turancin za ka yi shi, saƙon kuskuren da na'ura za ta fito maka da shi ba da Hausa zai zo ba. Kuma yanzu akwai tambayoyin da za a buɗe maka na'ura a ce saita, hadda ba ta da amfani a wurin.

Ga hanyar rage kuɗin ta halal. Kwas ɗin CCNA na Networking Academy kashi uku ne. Wanda ya yi shi a ƙarƙashin malami, ya ci 70 cikin 100 a jarrabawar ƙarshe ta kashi na uku a zaman farko, ana ba shi rangwamen kuɗin babbar jarrabawar. Ku tambaya a sashen kwamfuta na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da ke kusa da ku ko suna da wannan rajistar, kuma ko suna karɓar na waje. Akwai kuma ƙaramar takarda da Cisco ta fito da ita a 2023, CCST, dala 125. Ba ta kai CCNA nauyi ba, amma ga wanda yake son shaida a hannu kafin ya tara kuɗin babbar, ba laifi.

Ɗan Bajoga:
Ba wanda ya taɓo Huawei, alhali duk wanda ya taɓa shiga ɗakin na'ura a gindin turken sadarwa a ƙasar nan ya san yawan kayansu. Takardarsu, HCIA-Datacom, dala 200 ce, ita ma shekara uku. Abin da ake karantawa kusan ɗaya ne da CCNA, umarnin ne ya ɗan bambanta, inda Cisco ke cewa show su display suke cewa. Suna da tasu manhajar gwaji, eNSP. Sannan suna shiga jami'o'i da tsarin ICT Academy da gasar da suke yi duk shekara, ɗaliban ABU Zariya sun sha zuwa matakin duniya a China. Wanda yake makaranta har yanzu ya bi ta nan, sau da yawa ta nan ake samun tikitin jarrabawa ba tare da an biya cikakken kuɗi ba.

Injiniya Tumfure:
Haka ne, ga mai nufin kamfanonin da ke yi wa masu layin waya kwangila, HCIA tana da daraja. Sai dai a tallan aikin banki da ƙungiyoyi an fi rubuta CCNA. Mai CCNA yana shiga wurin Huawei cikin sauƙi, mai HCIA kuwa wani lokaci sai ya yi bayanin mece ce ita kafin a saurare shi.

Abban Sadik:
Takardar Network+ ta CompTIA fa? Wani yaro a shagona ya dame ni da ita.

Maman Ilham:
Karatunta yana da kyau ga mai farawa don ba ta jingina da kamfani ɗaya ba. Tambaya ba ta wuce 90 a minti 90, ana cin ta da maki 720 cikin 900. Amma kuɗinta ya fi na CCNA, ya haura dala 350, kuma a Amurka aka fi neman ta. A nan, ya karanta littafinta ya ajiye kuɗinsa.

Baba Mai Tarho:
'Ya'yana, tun ɗazu ina karantawa, kowa yana maganar abin da ke cikin allo. Ni tun zamanin tarhon waya nake wannan aiki, kuma abin da na gani shi ne yawancin kiran da ake yi mana a ce netwok ya mutu, matsalar tana jikin waya, ko wuta, ko zafi, ko ƙura. Babu wata daga cikin takardun nan da za ta sa hannunka ya iya wannan.

Ku shiga kasuwa ku ga kwalayen da aka rubuta wa Cat6 alhali cikinsu alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe. Ka kankare da wuƙa sai ka ga fari. Ka ja shi mita 70 ka ɗora masa kyamara ko eriya mai cin wuta ta PoE, wato wutar da ke biyo wayar netwok, da rana ta yi aiki, da dare fitilun kyamarar su kunna ta mutu, mai gida ya ce ba ka iya aiki ba. Ƙa'idar wayar tagulla mita 100 ce, in ta wuce sai a sa suwic a tsakani ko a koma faiba. Na ga inda aka ja waya daga wannan gini zuwa wancan ta sama, ba a binne sandar atin ba, ba abin kare tsawa. Ruwan farko na damina ya zo da tsawa, suwic biyu da rawuta suka ƙone dare ɗaya. Tsakanin gini da gini faiba ake ja, domin gilashi ba ya ɗaukar wuta. Na ga akwatin na'ura a ɗakin da ba taga a watan Afrilu, kun kuwa san zafin Gombe a lokacin. Na ga fankar suwic ta toshe da ƙurar hunturu har ta tsaya.

Shi ya sa nake ce wa duk yaron da ya zo wurina ya koyi haɗa faiba. Zaren da haske ke bi a ciki kaurinsa maikiron 9 ne, ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Ka fere, ka goge da sinadari, ka yanke daidai, injin ya narka ya haɗa, asarar haske a mahaɗar kada ta wuce 0.1 dB. Ka iya karanta OTDR, na'urar gwada faiba, ka ce wayar ta yanke a mita kaza daga nan, a je a tona a same ta. Gwamnatin tarayya ta yi shelar shimfiɗa faiba kilomita dubu 90, ga masu aikin titi da magudanar ruwa kullum suna yanke wadda ke ƙasa. Wa zai haɗa? Akwai takardar CFOT ta FOA, ƙungiyar masu aikin faiba, ga mai son shaida, amma a wannan fannin injin ake miƙa maka a ce haɗa mu gani.

Ɗan Gwallameji:
Allah ya ƙara girma Baba. Abin kyamarar nan da ke mutuwa da dare ya taɓa faruwa a wani aiki da muka yi, muka canza kyamara har sau nawa, ashe waya ce.

Abban Sadik:
Baba ya gama magana. Wannan shi nake nufi tun farko, aiki a hannu yake.

Maman Ilham:
A'a Abban Sadik, kada ka ja maganar Baba ta koma taka. Baba ya san dalilin kowane abu da ya faɗa, ya san me ya sa mita 100, ya san me ya sa alminiyom ke zubar da wuta. Ilimi ne, ba sabo kawai ba. Kuma akwai matsalar da abin gwada waya ba zai nuna maka ba. An taɓa kirana wata makaranta, komai ya tsaya cak, fitilun suwic duk suna ƙyaftawa tare kamar za su fashe. Mai yi musu aiki ya canza rawuta, ya kira masu ba su intanet ya yi faɗa. Ashe wani ne ya ga waya tana lilo ya soke ta a suwic ɗin da ɗaya bakin nata yake. Saƙon shela ya riƙa zagayawa ba iyaka har ya cinye hanyar. Suwic ɗin mai araha ne, ba shi da STP da zai toshe zagayen. Wanda ya karanta babin nan, yana ganin fitilun zai gane. Haka wanda zai kawo rawutar gidansa ya soke a ofis don ya samu wayales, ta fara raba wa mutane adireshin da ba shi ne ba, rabin ofis na aiki rabi ba ya yi. Ko ka ga kwamfuta ta ɗauki adireshi mai farawa da 169.254, wanda ya yi karatu ya san ta nemi DHCP ne ba ta samu ba. Hannu da karatu ba kishiyoyi ba ne, yaron nan yana da na farko, na biyun yake nema.

Abban Sadik:
Na yarda da wannan Malama. Amma har yanzu ina nan a kan cewa kada ya biya dala 300 yanzu.

Injiniya Tumfure:
A nan kam mun haɗu, sai dai dalilina daban. Agogon shekara ukun yana fara bugawa ne daga ranar da ka ci. In ka karɓe ta ba ka shirya neman aiki ba, ka zauna shekara biyu kana jan waya, saura shekara guda ta mutu. Sabunta ta kuma sai ka sake zama, ko ka ci wata ta sama da ita, ko ka tara maki 30 na ci gaba da karatu. Don haka ƙanena, ga yadda zan yi in ni ne kai. Kuɗin nan ka mayar da shi dala ka ajiye, kada naira ta cinye shi. Ka ɗauki wata biyar ko shida kana bin manhajar CCNA babi-babi, kowane babi ka gina shi a Packet Tracer. Rabon adireshi ka yi ta yi har ka iya da ka, ba takarda. A gefe guda ka sauke CHR na MikroTik, wato RouterOS da ake ɗorawa a kwamfuta, na kyautar yana aiki, gudun ne kawai aka taƙaita zuwa megabit ɗaya, ya isa koyo. Duk abin da ka karanta da dare, ka neme shi a aikin oganka da safe. Ka sa Wireshark ka kalli abin da ke wucewa a wayar da idonka. Ranar da ka ga kana cin gwaji na halal da tazara mai kyau, ka kuma fara aika takardun neman aiki, ranar za ka biya. MTCNA ta biyo baya daga kuɗin aiki, in ka ga kwastomominka na tambaya, wanda da wuya su tambaya.

Na Azare:
In aikin gwamnati ne fa? Ni ban taɓa ganin an ƙara wa wani mataki don CCNA ba.

Injiniya Tumfure:
Ba za ka gani ba. A gwamnati digiri ko HND ke sa ka a mataki. Abin da doka ta sani a fannin shi ne rajistar CPN, hukumar yi wa ƙwararrun kwamfuta rajista da aka kafa a 1993. Takardun kamfanoni suna taimaka maka ne a ba ka aikin da ya dace a cikin ofis, ko a tuna da kai in za a tura kwas.

Ɗan Gwallameji:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na ɗauki tsarin Injiniya. Baba, in ka amince zan riƙa zuwa ranar da kake da aikin faiba in riƙe maka kaya in koya.

Baba Mai Tarho:
Ƙofa a buɗe take ɗana. Ka zo da takalmin aiki, rami ake shiga.

Ummi Kashere:
Salamu alaikum. Ina aji uku a jami'a, na daɗe ina bin zauren nan ban taɓa magana ba. Ina son fannin nan amma ana ce mini ba na mata ba ne saboda hawa tsani da turke. Na yi tunanin in bar shi in koma tsaron intanet, tunda yana cikin kwasa-kwasan 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani. Sannan in na tashi jarrabawa, gara in yi a gida ta intanet ko sai na je cibiya?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam 'yata, na ji daɗi da kika yi magana. Hawa turke sana'a ce daban mai nata horo, injiniyoyi maza da yawa ba su taɓa hawa ba. Babban aikin netwok a zaune ake yinsa, a ɗakin sa ido, kana kallon na'urorin jihohi da yawa a allo, kana shiga cikinsu daga nesa. Tsaron intanet da kike so kuma a kan netwok aka gina shi. Wadda ba ta san yadda saƙo ke tafiya lafiya ba, ba za ta gane wanda ya zo da mugun nufi ba, ba kuma za ta iya rubuta dokar fayawol ba. Ki yi 3MTT ɗin in kin samu, amma ki riƙe karatun netwok tare da shi. Ke da kike makaranta ma kin fi kowa dama, ki je sashenku ki tambayi rajistar Cisco ko ta Huawei tun yanzu, ki kuma nemi yin SIWES ɗinki a wurin da ke da ɗakin saba na gaske. Amma kada ki zauna jarrabawar sai kin kusa gamawa, saboda shekara ukun nan.

Ɗan Bajoga:
Batun gida ko cibiya, shawarata cibiya. Ta gida ana kallonki ta kyamara tun daga farko har ƙarshe, sai kin nuna musu ɗakin, ba takarda a tebur, ba wanda zai shigo, ba a so a ji murya. A gidajenmu wa zai hana yaro buɗe ƙofa awa biyu? In aka ɗauke wuta ko intanet ya yanke ana iya rufe jarrabawar, ki shiga rubuce-rubucen neman a sake ba ki dama. Ki shiga shafin Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, ki duba cibiyar da ta fi kusa a lokacin da kika shirya, don jerin yana canzawa. Ko da za ki yi tafiya zuwa Jos ko Kano ko Abuja, kuɗin mota da kwana ɗaya bai kai asarar dala 300 ba.

Injiniya Tumfure:
Ƙari a kan wannan, kuma ya shafi kowa. Sunan da za ku buɗe asusun jarrabawa da shi ya zama daidai da na katin shaidarku, harafi da harafi. Mu nan mutum ɗaya sai ka ga Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Moh'd a banki, wani kuma ya sa sunan garinsu a wuri ɗaya ya bar shi a wani. In sunan bai dace ba a ranar, suna da ikon hana ka zama kuma kuɗin ya tafi. Ku duba irin katin da cibiyar ke karɓa tun kafin ku biya, ku tabbata bai mutu ba, in akwai gyara ku yi shi da sauran makonni a gaba.

Ummi Kashere:
Na gode Malama, na gode Yallabai. Fasfo ba ni da shi, sai katin ɗan ƙasa.

Ɗan Bajoga:
Ki kira cibiyar da kika zaɓa ki tambaye su ko suna karɓar irin wanda ke hannunki, kuma ko suna son kati na biyu. In za su amsa miki a rubuce ya fi, ki ajiye saƙon ki tafi da shi ranar.